Sake Cika Harsashin Fistol da Hannu: Amsa ga Wani Ɗalibi a Samaru

Wani matashi da ke karatun injiniya a Samaru ya aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Baba, ɗan'uwana da ke zaune a Amurka yana wasan harbi. Ya nuna mini ta waya wani tebur da yake zama yana sake cika kwanson harsashin fistol da hannunsa, ya ce ya fi araha kuma ya fi na kamfani dacewa da bindigarsa. Yaya abin yake? Me ya sa ya ce na fistol mai ɗora wa kanta harsashi ya fi wuyar sha'ani? Kuma tunda maƙeranmu suna ƙera bindiga suna haɗa albarushi tun kaka da kakanni, me zai hana a yi irinsa a nan, ko don 'yan sintirin ƙauyuka da harsashi ke yi wa tsada?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari, tambayarka ta mai hankali ce. A ma'ajiyar makamai na yi aikina, tsakanin duba bindigogi, gyara su, karɓar harsashi da ƙirga shi. Zan yi maka bayanin yadda abin yake har ka gane shi irin ganewar da ta dace da injiniya. Awo ne kawai ba zan ba ka ba, wato gari iri kaza nauyi kaza, kuma kafin ka kai ƙarshe za ka ga dalili.

Abin da muke kira harsashi abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, galibi na tagulla. Akwai ƙwayar da ke fita ta tafi, yawanci dalma ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Akwai gari a cikin kwanson. Sai wani ɗan maɓalli a gindinsa da ake kira faraima, shi ne ke ba da tartsatsi idan allurar bindiga ta doke shi. In an yi harbi, ƙwaya ta tafi, gari ya ƙone, faraima ya mutu, kwanso kaɗai ke saura. To shi kwanson nan shi ya fi sauran ukun tsada, kuma ana iya sake amfani da shi sau da dama. Sana'ar ɗan'uwanka ke nan gaba ɗayanta: ya tsince kwanso, ya wanke, ya matse shi a wata na'ura ya koma girmansa na asali domin harbi yana buɗa shi, ya sa sabon faraima da gari da ƙwaya. Duk kayan nan a kanti yake sayensu, kamfani ya yi su, da suna da lamba a jikin kwalinsu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ba ya ƙera ko ɗaya daga cikin huɗun, haɗawa kawai yake yi.

Maganar araha kuwa da sauƙi-sauƙi. Mai shiga gasa a can yana harba dubban harsasai a shekara, shi kam lissafi yana fitar masa bayan ya mayar da kuɗin na'ura. Amma a kan harsashi mai milimita 9 (kaurin ƙwayarsa ke nan), wanda kamfanoni ke zubowa kasuwa da yawa, ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma a shekarun 2020 da 2021 faraima ya yi ƙarancin da masu wannan sana'a da yawa suka ajiye na'urorinsu. Abin da ya fi riƙe su shi ne na biyun da ya faɗa maka: mutum ya samu harsashin da ya dace da bindigarsa da irin gasarsa, misali wanda bai cika dukan hannu ba amma ya kai ƙarfin da dokar gasar ta gindaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ka san mai faci a bakin titin PZ in ya buga wa tayar ƙaramar mota iska, ma'auninsa na nuna talatin da 'yan kai. Da wannan ma'aunin dai, matsin da ke cikin kwanson harsashi mai milimita 9 lokacin harbi yana kai wa 35,000. Wannan ita ce iyakar da SAAMI, ƙungiyar kamfanonin makamai ta Amurka da aka kafa a 1926, ta sa masa. Wato ninki dubu na iskar taya, a cikin wani ɗan kwanso da tsawonsa milimita 19 ne, a tafin hannunka, kusa da idonka. Kuma duk abin yana faruwa ya ƙare cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Garin da ke haifar da wannan ƙarfin bai kai rabin giram ba. Shi ya sa ba a auna shi da giram ma, da wani awo ake yi mai suna giren, wanda sai an tara 7,000 suke cika nauyin fam ɗaya, kuma sikelin masu sana'ar yana rarrabe kashi ɗaya bisa goma na giren guda. Tazarar da ke tsakanin awon da bai isa ba da awon da ya wuce iyaka, a wasu nau'o'in gari, ba ta kai giren ɗaya ba. Ido ba ya ganinta, hannu ba ya jinta.

Dalilin da ya sa fistol mai ɗora wa kanta ta fi libarba tsanani a wannan fage shi ne, ita harsashin ne injinta. Libarba yatsanka ne ke juya tulun harsasai, ko harsashi ya yi ƙarfi ko ya yi sanyi ba ruwanta, za ta juya zuwa na gaba. Ita kuwa wannan, saman jikinta wani murfi ne mai zamewa gaba da baya, silaid muke ce masa a wurin aiki. Idan aka harba, ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba shi ne ke tura silaid baya. Yana komawa baya sai wata 'yar ƙugiya ta fizgo kwanson da ya ƙone ta wurgar, sifirin ya matse, sannan ya dawo da silaid gaba, a hanyarsa ya ɗebo sabon harsashi daga magazin, wato gidan harsasai da ke cikin mariƙi, ya hau da shi wani ɗan gangare ya cusa shi a mazauninsa a gindin bututu. Nauyin silaid da ƙarfin sifirin an lissafa su ne a kan wani ƙayyadadden ƙarfin harsashi. In ƙarfin ya gaza, silaid ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba, kwanso ya maƙale a ƙofa, bindiga ta cije. In ya yi yawa, silaid ya riƙa dukan gangar jikin bindiga har ta fara tsagewa, in ma ba ta fashe nan take ba.

Ba ƙarfi kaɗai ba, har da siffa. Harsashin libarba yana da baki mai faɗi a gindi wanda ke tokare shi. Shi kuwa mai milimita 9, da ɗan'uwansa .45 ACP, da leɓen kwanso na gaba suke tokarewa a cikin mazauninsu. Don haka in aka matse leɓen nan fiye da kima don ya riƙe ƙwaya, harsashi zai iya zarcewa ciki ya wuce inda ya kamata ya tsaya. In kuma ba a matse shi yadda ya isa ba, ga wata masifar da ta fi: lokacin da silaid ya ɗebo harsashi ya buga hancinsa a kan gangaren nan, ƙwayar sai ta nutse cikin kwanso. Filin da gari zai ƙone a ciki ya ragu ke nan, kuma a kwanso ƙarami irin wannan, nutsewar da ba ta kai milimita ɗaya ba tana iya ɗaga matsi ya haura iyaka nesa. Wannan yana faruwa ne a cikin bindiga bayan an rufe, mai harbi bai gani ba. Ko harsashin kamfani ma yana yin haka in ana yawan ɗora shi ana saukewa, shi ya sa nake hana masu gadi maimaita harsashi guda kullum in sun karɓi aiki ko za su miƙa. In ka jera shi kusa da sabo a kan tebur za ka ga ya gajarce.

Sai kuma gangaren nan da na ambata. Domin harsashi ya hau lami lafiya, a wasu fistol ɗin an ɗan yanke gefen mazaunin daga ƙasa, sai ya zamana wani ɗan yanki na kwanso kusa da gindi ba shi da ƙarfe a bayansa, tagullar ce kaɗai ke riƙe da duk matsin nan. Sabon kwanso yana jurewa. Wanda aka harba aka matse, aka sake harbawa aka sake matsewa, tagullarsa tana taurare tana gajiya. Na sha ɗaukar kwanso a filin harbi in juya shi a hannu in ga ya yi ɗan tumbi a gefe ɗaya kusa da gindi, yana ƙyalli a wurin. Irin wannan in aka sake cika shi, kuma tumbin ya sake dacewa da wurin da babu madogara, a nan zai ɓarke. Wuta ta bi ta ƙasa ta cikin magazin, ta fasa mariƙi a cikin tafin hannu, ɓurɓushin tagulla ya yi fuska. Shi ya sa kamfanoni irin su Glock suke rubutawa a littafin da ke zuwa da bindiga cewa kada a sa mata harsashin da aka sake cikawa, kuma wanda ya sa, babu ruwansu da abin da ya biyo baya.

Kurakurai biyu ne suka fi cin masu wannan sana'a, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko a zuba gari sau biyu a kwanso ɗaya. Garin fistol mai saurin ci ne kuma kaɗan ake sawa, don haka a kwanso mai fili irin na .45 awo biyu suna shiga ba tare da sun zube ba, ƙwaya ta hau kai ta rufe, babu wata alama daga waje. Waya ta yi ƙara, ko yaro ya shigo ya yi magana, hankali ya rabu na sakan biyu, shi ke nan. Na biyun a manta ba a zuba garin ba sam. Mutum zai ce ai wannan da sauƙi, ba zai tashi ba ne kawai. Ba haka ba ne. Faraima shi kaɗai yana da ƙarfin da zai tura ƙwaya ta shiga bututu ta tsaya a tsakiya.

Wannan na biyun na gan shi da idona a filin horo, kuma harsashin kamfani ne ma, tsoho da danshi ya lalata wa gari. Ana cikin harbi sai bindigar wani yaro ta ce "tas" maimakon ƙarar da aka saba, silaid bai motsa ba. Shi kuwa an koya masa in bindiga ta cije ya ja silaid ya ci gaba, haka ya yi, sabon harsashi ya shiga, ya ɗaga hannu zai matsa kunama. Malamin da ke bayansa ne ya ji bambancin ƙarar ya damƙe masa hannu. Da aka kawo mini ita na sauke, na zura sanda ta baki, ba ta yi nisa ba ta tokare. Ƙwayar tana zaune daram a tsakiyar bututu. Da ya harba na biyu a bayanta, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne bututu ya kumbura bindiga ta tashi daga aiki. Wannan a harsashin da injin kamfani ya auna ke nan, ana samunsa jefi-jefi. Ka ƙiyasta yadda zai kasance a wanda mutum ya cika da dare bayan ya gaji.

To me ke kare ɗan'uwanka daga duk wannan? Ba ƙwarewar hannunsa ba ce kaɗai. Yana da littafin awo daga kamfanoni irin su Lyman, Hornady ko Speer, kuma kowane layi a littafin an gwada shi a ɗakin gwaji da bututu na musamman mai na'urar auna matsi. Layin zai ce gari mai suna kaza, ƙwaya mai nauyi kaza da siffa kaza, faraima iri kaza, tsawon harsashi kaza, fara daga nan, kada ka wuce nan. In ya canza ɗaya daga ciki, awon ya tashi daga aiki, sai ya koma farko. Garin da ya saya bana kusan daidai yake da na bara saboda kamfani yana kula da haka. Bindigarsa an ƙera ta a kan ma'aunin da SAAMI ta fitar, in ta Turai ce kuma a kan na hukumar CIP, wadda ƙasashenta suke tilasta a gwada kowace bindiga da harsashi mai ƙarfi fiye da kima kafin a buga mata hatimi a sayar. Teburin da ka gani a waya shi ne matakin ƙarshe na wani dogon aiki da masana'antu da ɗakunan gwaji suka riga suka yi. In ka ɗauko teburin ka baro sauran, ba sana'ar ka ɗauko ba.

Nan ne maganar maƙeranmu ta shigo, kuma ba na raina su ko kaɗan. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan Sallah ya ga 'yan bindigar Sarkin Zazzau sun saki wuta hayaƙi ya turnuƙe, ya san akwai ilimi a wurin da aka gada. Amma albarushinsu da garin harsashin zamani abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Albarushi gauraye ne na abubuwa da aka daka, da mudu ko cokali ake auna shi, in ya ɗan ɗara ko ya ɗan gaza galibi hayaƙi ne da ƙara suke canzawa. Fiye da rabinsa ba ya zama iska, toka da dauɗa yake bari a bututu. Garin zamani kuwa sinadari ne da ake sarrafawa daga auduga da ruwan asid a masana'anta. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fara samar da shi a 1884. Ka lura da tarihin: sai bayan nan ne fistol mai ɗora wa kanta ta samu, ta Borchardt a 1893, ta Mauser a 1896, sannan Georg Luger ya fito da harsashi mai milimita 9 a farkon shekarun 1900, John Browning ya yi .45 wanda sojan Amurka suka karɓa a 1911. Kafin garin zamani ba ta yiwu ba, domin dauɗar albarushi tana toshe irin wannan inji bayan 'yan harbe-harbe.

Halin garin zamani shi ne, gwargwadon matsin da yake ciki gwargwadon saurin cinsa, saurin cin kuma ya ƙara matsin. In ka zuba kaɗan a fili ka kunna, ci zai yi kawai ya mutu, har mutum ya raina shi. In aka kulle shi, wani abu ne daban. Kuma iri-iri ne, sun haura ɗari a kasuwar Amurka, wani na fistol mai saurin ci, wani na doguwar bindiga mai jinkiri, da yawa kamanninsu ɗaya a ido. Ba wanda zai kalli gari a tafin hannu ya gaya maka ko wanne ne, ko shi wane ne. An taɓa kawo mini bindigar toka ta wani mafarauci in duba. Albarushi ya yanke masa, sai ya farke harsashin zamani ya juye garin ya ɗura da awon da ya saba. Bututun ya tsage tun daga gindi har kusan rabi, ƙarfen ya buɗe ya lanƙwashe waje, katakon mariƙi ya rabu biyu, da jini a bushe a jikinsa. Mai ita ya rayu, amma hannun hagun da yake tallafe bututu da shi bai koma daidai ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana harbi, ba sabon shiga ba. Iliminsa na albarushi ne ya yaudare shi.

Faraima kuwa ba a ma maganarsa. Abin da ke cikinsa sinadari ne mai tashi da ɗan bugu, a masana'anta ma a jiƙe ake sarrafa shi, a ɗakuna na musamman, da ma'aikata kaɗan a lokaci guda. Ga kuma wani abin da masu sha'awar tsintar kwanso ba su sani ba: yawancin harsasan soja da ke yawo a yankinmu, musamman ƙirar ƙasashen gabashin Turai da Sin, kwansonsu na baƙin ƙarfe ne ba tagulla ba, faraimansu kuma irin wanda ake kira Berdan ne, ba irin Boxer da Amurkawa ke amfani da shi ba. Ba a yi su don a sake cikawa ba.

Akwai illar da ba ta ƙara, ita ce dalma. Tana cikin ƙwaya, tana cikin faraima, ƙurarta tana manne a kwanson da aka harba, in ana wanke shi a bushe tana tashi a ɗaki. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Babba yana iya ɗauka ya daɗe bai ji komai ba, yaro mai rarrafe da ke sa hannu a baki shi ne ke kwana a ciki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Ka gaya wa ɗan'uwanka ya raba teburinsa da inda iyali ke zama, kada ya ci ko ya sha a wurin, ya wanke hannu, ya riƙa gwada jininsa lokaci-lokaci. Kuma kada ya zauna a teburin nan ba tabarau a idonsa.

Sai doka, wadda da ita ya kamata mai son yi a nan ya fara. A Amurka dokar tarayya ta yarda mutum ya cika harsashi don amfanin kansa, in zai sayar ne sai da lasisi. A Jamus sai ya yi kwas ya ci jarrabawa an ba shi izinin riƙe gari. A Afirka ta Kudu mai lasisin bindiga yana iya yi don bindigarsa. Mu a Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ce ke aiki, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki suna hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar farauta ta zamani da ta iska suna hannun Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa an jera su ne a rukunin haramtattun makamai, tare da bindiga mai jigida da gurneti, Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Riƙe harsashi ma laifi ne ga wanda ba shi da lasisin bindigar da ke cinsa. Ƙerawa ko haɗa harsashi kuwa dokar ta keɓe shi ga ma'ajiyar gwamnati da ta sojoji. Hukuncin mallakar haramtaccen makami ɗauri ne da bai gaza shekara goma ba. A 2024 an ƙara da wata sabuwar dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ba cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro ƙarfin doka. Don haka a Zariya, na'urar nan da ka gani da kwalin faraima a ɗakinka sun isa su raba ka da karatunka, ko da ba ka taɓa riƙe bindiga ba.

Na san abin da ya sa ka kawo maganar 'yan sintiri, kuma ba na ɗaukarsa da wasa. Duk mai dangi a Giwa ko Birnin Gwari ko ƙauyukan da ke kewaye da mu ya san abin da ake nufi da kwana ido biyu. Amma ka duba da kyau. Fistol ba makamin tsaron ƙauye ba ne, ta kusa ce, bayan 'yan taku kaɗan sai gwani ke samun abin da ya auna. Sannan gari da faraima ba su da halastacciyar kasuwa a ƙasar nan, duk wanda zai kawo maka su ta hanyar da ake kawo wa ɓarayin daji nasu zai bi, kai kuma ka zama abokin cinikinsa. Abin da za a samu a hannu gari ne da ba a san sunansa ba, babu littafin da zai ba da awonsa, kuma wanda zai fara jin jiki shi ne ɗan sintirin da aka ce ana taimaka wa, a daren da ya fi bukatar bindigarsa ta tashi. Na ƙarshe, kuma wannan ya fi damuna a matsayina na wanda ya yi aikin ƙirga harsashi: kowane kwanson kamfani yana da tambari a gindi, harufa da lambobi masu nuna masana'anta, a na soja har da shekara. Da su ake bin sawun inda harsashi ya fito in an tsince shi a wurin ta'asa. Shi ya sa bayan atisaye ake sa sojoji su tsince kwansonsu a ƙirga a mayar. Wurin da ake cika harsashi a ɓoye yana ɓata wannan sawun, kuma abin da aka cika yau don mai gadin gari ba wanda ya isa ya hana shi faɗawa hannun wanda ake gadin dominsa gobe. Hanyar da nake ba masu unguwanni shawara ita ce su yi rajistar 'yan sintirinsu, su yi aiki da DPO da hukumar sintiri ta jiha, abin da doka ta yarda su riƙe su riƙe shi da takarda.

Kai kuma, in ilimin ne ya ja ka, kana inda ya dace. Lissafin Lamé na bututu mai kauri da ake koya muku a darasin ƙarfin kayan aiki, shi ne dai ake lissafa kaurin bututun bindiga da shi. Gajiyar ƙarfe, yadda tagulla ke taurare in ana lanƙwasa ta da yadda zafi ke sassauta ta, duk suna sashen nazarin ƙarafa a nan jami'arku. Masana'antar DICON da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ita ce ke da hurumin ƙera harsashi a ƙasar nan, an kuma sabunta dokarta a 2023 don ta faɗaɗa aiki, kuma injiniyoyi take ɗauka. Soja na ɗaukar masu digiri ta gajeren horo, 'yan sanda suna da sashen binciken kimiyya da ke nazarin kwanso da ƙwayar harsashi don gano bindigar da ta harba su. A irin waɗannan wurare za a ba ka awon da na hana ka, tare da na'urar gwajin da ke sa awon ya zama ilimi.

Abu ɗaya ya rage, tunda muna zaune a garin da ke da Depot na horar da sabbin sojoji da barikin Basawa, ga Jaji a kusa. Manoma da yara masu kiwo da 'yan gwangwan suna tsintar kwanso, wani lokaci har da harsashin da bai tashi ba. Kada ka ajiye ko ɗaya a matsayin abin ado ko mariƙin makulli, a shingen bincike ba za a tsaya tambayar niyyarka ba. Wanda bai tashi ba kada a buga shi da dutse, kada a jefa shi a wuta, kada a zuba shi cikin ƙarafan da za a narkar. A bar shi inda yake, a sa alama, a gaya wa mai unguwa ya kira 'yan sanda su zo su ɗauka.